Wa Ya Ce Dokar Kāre Mata Ba Tamu Ba Ce?

Maganar da na kawo yau ba mai daɗin ji ba ce, na kuma san akwai waɗanda za su ninke wannan takarda tun ba su kai rabi ba. Ina roƙo a yi haƙuri a karanta, domin abin da ya ci gidan maƙwabci yau, gobe yana ƙofar gidanka.

Kwanakin baya na je jana'izar wani ɗan'uwa, ɗan ƙungiyar mawaƙa a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye. An yi wa'azi mai kyau a kan tashin matattu, an yi alkawarai a bakin kabari cewa ba za a bar iyalinsa su wulaƙanta ba. Kwana tara bayan haka ƙannensa biyu suka zo suka karɓi makullin ɗaki, da babur, da injin niƙa, da rumbu biyu na dawa, da gonar fadama. Matar tana da 'ya'ya huɗu, dukansu mata. Aka ba ta zaɓi: ko ta yarda ɗaya daga cikin ƙannen ya gāje ta, ko ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan ubanta. Ɗaya daga cikin ƙannen nan shi ne yake zagayawa da kwanon baiko ranar Lahadi. Da maganar ta zo gaban dattawa sai aka ce ai wannan maganar gida ce, al'ada ce, ikilisiya ba ta shiga. Zumuntar Mata ta tara mata masara da sabulu, Allah ya sāka musu. Mu maza kuwa muka yi shiru, har da ni mai wannan rubutu.

Ba a yi wata guda ba na zauna a wani taro inda wani babba ya tashi yana faɗa da ƙarfi cewa duk wata doka ko yarjejeniya da ake kira ta 'yancin mata makircin Turawa ne na rushe gidan Kirista, kada mu yarda. Aka yi ta tāfi. Bayan an tashi na tambaye shi cikin ladabi, na ce, “Baba, wane sashe ne a ciki ya fi damunka?” Sai ya ce shi bai karanta ba, amma an gaya masa. To jama'a, bari mu duba abin da ba a karanta ba ɗin.

Yarjejeniya biyu ce ake magana a kai. Ta farko ita ce wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1979 domin kawar da nuna wa mata bambanci, wadda ake kira CEDAW a taƙaice. Nijeriya ta sa hannu a 1984, ta tabbatar da ita a 1985, ba ta kuwa ware ko sashe ɗaya ta ce wannan ban yarda da shi ba. Ta biyu kuma ba a Turai aka rubuta ta ba. Shugabannin Tarayyar Afirka ne suka amince da ita a birnin Maputo na ƙasar Mozambik a watan Yuli na 2003, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2004, ta fara aiki a 2005. Sashe na 6 na wannan ta Maputo ya ce ba za a ɗaura wa mace aure ba sai da yardarta, ya sa shekara 18 ta zama mafi ƙarancin shekarun aure, ya ce a rubuta kowane aure a yi masa rajista, har ma ya ce auren mace ɗaya shi ne aka fi so a ƙarfafa. Sashe na 20 ya hana wulaƙanta gwauruwa, ya ce ita ce mai riƙon 'ya'yanta bayan mutuwar miji sai dai idan hakan zai cuci yaran, in kuma za ta sake aure, ta auri wanda ta zaɓa da kanta. Sashe na 21 ya ba ta rabo na adalci daga dukiyar mijinta da ikon ci gaba da zama a gidan aurenta, ya kuma ce 'ya'ya mata da maza duka suna da gādo a dukiyar iyayensu.

Ku sake karanta wannan a hankali, sa'an nan ku tuna da matar da na ba ku labarinta. Wane ne a cikin waɗannan ya saɓa wa bishara? Auren mace ɗaya? Yardar amarya, wadda fasto yake tambaya a gaban bagadi kowace Asabar? Ko barin gwauruwa a ɗakinta?

Wani zai ce, to in Nijeriya ta riga ta sa hannu, me ya rage? Ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar da ƙasar nan ta ƙulla da waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. An yi wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam haka a 1983, shi ya sa marigayi Gani Fawehinmi ya iya tsayawa a kanta har Kotun Ƙoli. Amma CEDAW da ta Maputo, an sa hannu a waje an sha tāfi, an dawo gida an kulle su a akwati. An kawo ƙudurin mai da CEDAW doka, ya mutu a Majalisa a 2007. Sanata Biodun Olujimi ta jihar Ekiti ta kawo ƙudurin daidaiton dama tsakanin maza da mata, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na 2016. Aka gyara aka sake kawowa, aka jingine shi a Disamba 2021. A ranar 1 ga Maris 2022 kuma, lokacin gyaran Tsarin Mulki, Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurori biyar da suka shafi mata a rana ɗaya, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar Majalisa. Ɗaya daga cikin ƙudurorin nan cewa kawai yake yi, yadda ɗan Nijeriya yake iya samar wa matarsa baƙuwa takardar zama 'yar ƙasa, haka ita ma 'yar Nijeriya ta iya samar wa mijinta. Ko wannan bai wuce ba.

Mun saba mu ce 'yan majalisa Musulmi ne suke kashe irin waɗannan ƙudurori, mu wanke hannunmu. Gaskiya ne Sanata Ahmed Sani Yariman Bakura ya tsaya a kan ƙudurin 2016 da hujjar Shari'a. Amma a wannan zaman ɗaya Sanata Emmanuel Bwacha na Taraba ta Kudu, Kirista ɗan'uwanmu, shi ma ya tashi ya ƙi shi, ya kuma jingina hujjarsa da Littafi Mai Tsarki. A 2022 kuwa, ƙuri'un da suka kayar da ƙudurorin nan ba daga addini ɗaya suka fito ba. Mutanen da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, da aka zo maganar rabon mace sai bakinsu ya zo ɗaya. Wannan haɗin kai, ni dai ba na alfahari da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu da muke tsiraru a garuruwanmu, mu ne ya kamata mu fi kowa son rubutacciyar doka. Mai rinjaye yana da sarki, yana da alƙali, yana da ɗan majalisa, yana da yawan jama'a. In doka ta yi shiru, al'adarsa ce take zama doka. Kai da kake da majami'a ɗaya ta jinka a ƙarshen gari, me kake da shi ban da abin da aka rubuta? Lokacin da jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, wasu jihohi suka bi, ina muka gudu? Ba sashe na 10 da na 38 na Tsarin Mulki muka riƙe ba? Ba yarjejeniyoyin duniya na 'yancin addini muka yi ta ambata a wasiƙunmu ba? A lokacin ba wanda ya ce makircin Turawa ne. Takardun nan da na mata daga tushe ɗaya suka fito, a zaure ɗaya aka sa musu hannu. Ba zai yiwu mu ce rijiyar tana da kyau ranar da ƙishi ya kama mu, ranar da matanmu suka zo ɗiba kuma mu ce da guba a ciki.

Ku ɗauki maganar da ta fi ƙona mana rai, wato 'yan matanmu ƙanana da suke ɓacewa daga gida, bayan kwana biyu a ce wa uba 'yarsa ta sāke addini an kuma ɗaura mata aure. Babu taron dattawa a Arewa da ba a taɓa kuka a kan wannan ba. To da wane makami uban zai shiga kotu? Makaminsa shi ne shekarun yarinyar. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ita ma daga yarjejeniyar duniya ta samo asali, ta ce a sashe na 21 wanda bai kai shekara 18 ba ba ya iya ƙulla aure, in an ɗaura ma ba aure ba ne. Amma dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta. Filato da Nasarawa sun karɓa da wuri, Kaduna sai 2018, Kano sai 2023, wasu jihohin kuma da suka karɓa sun sassauta maganar shekarun auren. A 2013 aka nemi goge wani ɗan layi a sashe na 29 na Tsarin Mulki wanda yake ɗaukar duk macen da aka yi wa aure a matsayin baliga. Ko da yake sashen a kan barin zama ɗan ƙasa yake magana, kowa ya san abin da ake fakewa da shi a yi. Ba a sami kashi biyu bisa uku na sanatoci ba, layin ya zauna. Yarinyar nan ta jihar Bayelsa da aka kawo Kano a 2015, abin da ya sa Babbar Kotun Tarayya a Yenagoa ta iya yanke wa mutumin ɗaurin shekara 26 a 2020 shi ne akwai rubutacciyar doka, kuma yarinyar ba ta kai shekaru ba. Ba kukan taro ne ya ɗaure shi ba.

Amma a nan ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Shekara 18 ɗin da muke so a ɗora wa maƙwabci, muna riƙe da ita a gidajenmu? Nawa ne cikin 'yan matanmu aka cire daga aji uku na sakandare aka kai ɗakin miji saboda ciki ya fito, dattawa suna gaggawar rufe kunya? Nawa ne aka bayar saboda uba ya riga ya ci kuɗin sadaki ya sayi taki? Dokar da za ta kāre 'yarka daga baƙo, ita ce za ta kāre ta daga gare ka. Ina jin wannan ne ainihin abin da wasunmu suke tsoro, ba Turawa ba.

Manzo Bulus bai ji kunyar doka ba. Dokar Roma ta arna ce, masu bautar gumaka ne suka rubuta ta, amma da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima ya ta da maganar cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, da ya ga za a bashe shi ga masu neman ransa kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 22 da 25. Bai ce tun da ba annabawa ne suka rubuta ta ba, ba ruwansa da ita.

Yanzu bari in zo kan hujjar da take da nauyi, domin ba dukan masu ƙin yarjejeniyoyin nan ne suke magana cikin rashin sani ba. Sashe na 14 na ta Maputo ya ce a ba da izinin zubar da ciki a asibiti idan fyaɗe ne, ko cikin ɗan'uwa na jini ne, ko cikin zai yi wa lafiyar uwa ko ranta barazana, ko ran abin da ke cikin. 'Yan'uwanmu na Katolika sun yi tsayin daka a kan wannan, Paparoma Benedict na 16 ma ya soki yarjejeniyar a kansa a 2007. Ita CEDAW kalmar zubar da ciki ba ta cikin rubutunta, amma kwamitin da yake lura da ita ya sha matsa wa ƙasashe su sassauta dokokinsu. Wanda lamirinsa bai kwanta da wannan ba, ban ga laifinsa ba, ni ma nawa bai kwanta ba. Tambayata ita ce: don ƙwaro ɗaya a buhu, sai a zubar da hatsin a bar yara da yunwa? Kenya da Yuganda, ƙasashe masu ɗimbin Kiristoci, sun tabbatar da yarjejeniyar a 2010, suka rubuta a fili cewa wannan sashen ba su ɗauka ba. Mu ma sashe na 12 ɗin nan da na ambata ya ba Majalisa dama ta zauna ta rubuta doka da hannunta, ta ɗauki maganar gādo da ta gwauraye da ta shekarun aure, ta bar abin da jama'a ba su yarda da shi ba. Da shugabanninmu sun je Majalisa sun ce, “Ga sashe ɗaya da muka ƙi, ga sauran da muke so a zartar gobe,” da na ce sun yi aikin makiyaya. Amma a yi amfani da jaririn da ba a haifa ba a danne haƙƙin marainiyar da aka riga aka haifa, wannan ba tsoron Allah ba ne.

Sai masu cewa dokokin nan za su sa mata su raina mazajensu, namiji ya daina zama kan gida. Wannan ba zan ɓata tawada da yawa a kai ba. Shugabancin da ba ya tsayawa sai an bar wa miji ikon dūka, irin wanda sashe na 55 na dokar Final Kod ta Arewa ta 1960 ya ba shi da sunan horon mata, ba shi ne shugabancin da Afisawa sura 5 ta kwatanta da na Almasihu ba. Mijin da ya mutu kuma, wane shugabanci ake kāre masa sa'ad da ake korar matarsa daga ɗaki?

Ga wani abin kunya da ba mu cika son a faɗa ba. Maƙwabciyarmu Musulma idan mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tana da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'yarta kuma tana da rabin rabon ɗa namiji. Muna iya cewa bai kai ba, amma a rubuce yake, akwai alƙalin da zai raba. Tamu gwauruwar fa? A yawancin ƙabilunmu ba ta da ko kashi ɗaya cikin ɗari, wani wurin ma ita kanta tana cikin kayan da ake gāda. Mun bar al'adar kakanni a maganar tsafi da giya da auren mata da yawa, muka ce mun zama sabuwar halitta. Da aka zo kan gona da fili sai al'adar ta tashi daga matattu. Kuna tsammani matar da aka kora da 'ya'ya huɗu, wanda ya ba ta ɗaki da abinci a cikin gari, ba zai sami kunnenta ba? Muna zargin wasu da janye mana mutane, alhali mu ne muke tura su da hannunmu.

Littafin Ƙidaya sura 27 ya ba da labarin 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, waɗanda ubansu ya mutu ba ɗa namiji. Ba su zauna a ɗaki suna kuka ba, suka je gaban Musa da firist da shugabanni a ƙofar alfarwa suka nemi gādon ubansu. Musa bai ce maganar gida ce ba. Ya kai ta gaban Ubangiji, Ubangiji ya ba 'yan matan gaskiya, aka kuma mai da hukuncin ka'ida ga dukan Isra'ila. In wannan ba gyaran doka saboda haƙƙin mata ba ne, a gaya mini sunansa. Ayuba ma a ƙarshen littafinsa ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza.

Kotun Ƙoli ta ƙasar nan ta riga mu. A watan Afrilu na 2014, a shari'ar Ukeje, ta ce al'adar da take hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki, don haka ba ta da ƙarfi. Uban ya rasu tun 1981, ku lissafa shekarun da 'yar ta yi tana jira. A wannan watan kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba, wadda ta karanta babban hukuncin kuwa Mai Shari'a Clara Bata Ogunbiyi ce, 'yar jihar Borno. Shari'un a kan al'adar Ibo suka taso, amma sashe na 42 bai san ƙabila ba. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar da za ta iya kai Naira 500,000 ga mai azabtar da gwauruwa da sunan al'ada, ta kuma mai da korar abokin aure daga gida laifi. Ta Abuja ce, amma jihohi da yawa sun karɓe ta. Dattawa nawa ne a cikinmu suka san ko jiharsu tana ciki?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu dattawa, kafin mu sake aika wasiƙar kuka zuwa Abuja, mu share ƙofar gidanmu. Aure da yawa da muke ɗaurawa albarka ce kawai ta majami'a, ba a kai sanarwar kwana 21 wurin magatakardan aure ba, majami'ar ma wani lokaci ba ta da lasisin ɗaura aure, ranar da rigima ta tashi sai matar ta tarar takardar da take ɓoyewa a ƙasan akwati ba ta da nauyin da take zato a gaban alƙali. Fasto ya gaya wa ango da amarya bambancin tun kafin ranar biki. A koya wa maza rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu. Wasiyya ba ta kiran mutuwa, na ga waɗanda ba su rubuta ba sun mutu. Wanda ya ƙwace kayan marayu kuma a sa shi ƙarƙashin horo kamar yadda ake sa yarinyar da ta yi ciki, a karɓe kwanon baiko daga hannunsa sai ya mayar. Muna da lauyoyi da ma'aikatan kotu a cikin membobinmu, a ba su rabin sa'a a taron Zumuntar Mata da na maza su karanta wa jama'a dokar jiharsu da Hausa. Ranar da majalisar jiha ko ta tarayya ta kira jin ra'ayin jama'a a kan irin wannan ƙuduri, a aika wakilai da suka karanta shi daga farko har ƙarshe, a cikinsu kuma a sa mata, har da gwauraye.

Matar nan tana gidan yayanta yanzu, tana sayar da ƙosai a bakin tasha, babbar 'yarta ta bar makaranta. Gonar fadamar tana nan, ƙanen mijin ya shuka shinkafa bana. Na rubuta wa majalisar dattawan ikilisiyar cewa a sake buɗe maganar a zamansu mai zuwa, na kuma sa sunana a cikin waɗanda suka yi shiru a karo na farko.